OK: Barkwancin Ɗan Jarida da Ya Gama Duniya

Da wuya a sami kalmar Turanci da ta yi nisan zango kamar OK. Direban tasi a Alƙahira yana faɗinta, ɗan kasuwa a Guangzhou yana faɗinta, mai cajin waya a Kano da bai taɓa zama ajin Turanci ba shi ma yana faɗinta, kuma duk mai riƙe da waya yana danna ta sau da yawa a yini ba tare da ya lura ba. Abin da ya yi suna haka, mutane kan so su nema masa asali mai daraja, shi ya sa al'ummu da dama suka taɓa cewa tasu ce: Girkawa, mutanen Sikotland, Faransawa, ƙabilar Choctaw ta 'yan asalin Amurka, har da mu 'yan Afirka ta Yamma. Sai dai hujjar da ke hannu tana nuna wani wuri dabam, wurin kuma ba shi da wani kwarjini. OK ta fito ne daga barkwancin wata jarida a birnin Boston na Amurka a 1839, barkwancin ma na ɓata rubutu da gangan. A ganina wannan bayani shi ne daidai, kuma ya cancanci a tsaya masa, duk da cewa wanda ya danganta kalmar da Afirka ya fi daɗi a kunnenmu.

Wanda ya tono wannan tarihi shi ne Allen Walker Read, malamin Turanci a Jami'ar Columbia da ke New York, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 2002. Ya daɗe yana bin tsofaffin jaridun Amurka shafi bayan shafi, a zamanin da babu kwamfutar da za ta yi wa mutum lalube, sannan ya fitar da abin da ya samo a jerin maƙaloli cikin mujallar American Speech a 1963 da 1964. Ya gano cewa tun daga 1838 wani yayi ya shigo tsakanin 'yan jarida da samarin 'yan boko na Boston, na gajarta magana zuwa haruffan farko na kalmominta. Sukan rubuta N.G. a madadin no go, wato abin da ba zai yiwu ba, ko S.P. a madadin small potatoes, wato abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan wasan ya ƙara gishiri, aka koma ɓata rubutun kalmar tukuna sannan a gajarta ta. K.Y. ta tsaya a madadin no use, ba amfani, kamar dai an rubuta know yuse. O.W. ta tsaya a madadin all right, kamar an rubuta oll wright. Abin dariyar shi ne mai karatu ya san marubucin ya iya rubutu sarai, yana kwaikwayon jahili ne kawai. Duk wanda ya ga yadda matasanmu ke aika slm da ykk da lfy da ngd a waya ya san irin wannan yayi, bambancin kawai shi ne na Boston a shafin jarida aka yi shi.

A cikin wannan yanayi ne jaridar Boston Morning Post, wadda Charles Gordon Greene ke wa edita, ta buga wani rubutu na zolaya ranar Asabar 23 ga Maris 1839, tana tsokanar wata jaridar birnin Providence. A tsakiyar rubutun aka sa o.k. da ƙananan haruffa, aka bi ta nan take da bayanin cewa ana nufin all correct, wato komai daidai. Da a ce an bi ƙa'ida, haruffan da za su fito su ne a da c. An sa o da k ne domin a nuna kamar marubucin ya ɗauka oll korrect ake rubutawa, don haka kalmar da ke cewa komai daidai ita kanta ba daidai aka rubuta ta ba. Abubuwa uku a wannan shafi suna da nauyi. An rubuta ta a matsayin haruffa biyu masu ɗigo, irin yadda ake rubuta duk abin da aka gajarta. An ga bukatar yi wa masu karatu bayaninta, alamar cewa ba su saba da ita ba. Sannan ta fito a gari ɗaya da lokaci ɗaya da 'yan uwanta irin su O.W., waɗanda aka gina a kan dabara iri ɗaya, har ma da kusan ma'ana ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare, jaridun New York da Philadelphia da New Orleans sun ɗauka.

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce: in wasa ne, me ya hana ta mutuwa? Yayi ba ya daɗewa, kuma K.Y. da O.W. duk sun shuɗe, ba mai tunawa da su sai masu bincike. Amsar tana cikin siyasar 1840. Shugaban Amurka na lokacin, Martin Van Buren na jam'iyyar Democrat, yana neman zarcewa, kuma shi ɗan wani ƙaramin gari ne a jihar New York mai suna Kinderhook, saboda haka ake masa laƙabi da Old Kinderhook, wato Tsohon Kinderhook. Haruffan farko na laƙabin sun yi daidai da na barkwancin Boston. Magoya bayansa a New York suka kafa ƙungiya suka kira ta O.K. Club, haruffan suka zama take mai harshen damo: sunan ɗan takara ne, kuma shaida ce cewa ɗan takarar daidai yake. 'Yan adawa na jam'iyyar Whig ba su bar musu filin ba. Ƙasar tana fama da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1837, sai suka riƙa juya haruffan suna cewa ma'anarsu Out of Kash, wato aljihu ya bushe. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, da ƙuri'un wakilan zaɓe 60 a kan 234, shi kuma Harrison wata ɗaya kacal ya yi a kan mulki ya rasu. Kalmar ce ta ci ribar zaɓen, domin shekara guda ana rubuta ta ana ihu da ita daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan.

A wannan kamfe ne kuma aka haifi ƙaryar farko game da asalinta. 'Yan adawa suka baza labarin cewa tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, bai iya rubutu ba, shi ya sa yake sa O.K. a kan takardu yana zaton haka ake gajarta all correct. Sharri ne na siyasa, amma ya bi bakin mutane shekara da shekaru, har wasu suka kawo wata takardar kotu ta 1790 daga Tennessee mai ɗauke da sunan Jackson suka ce ga O.K. a jiki. Da aka duba da kyau sai aka ga O.R. ce, alamar magatakarda da ke nufin an shigar da umarni a rajista. Bayan siyasa sai fasaha ta karɓa. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙonsa na wayar tangarahu daga Washington zuwa Baltimore, kuma a shekarun da suka biyo baya ma'aikatan waya da na jirgin ƙasa suka mayar da O.K. amsar da ke tabbatar da cewa saƙo ya iso lafiya. A sana'ar da kowane harafi yake cin lokaci da kuɗi, haruffa biyu da ba sa rikicewa da komai kadara ce. Nan ne kalmar ta tuɓe rigar wasa ta zama kayan aiki, har aka manta da inda ta fito.

Mantuwar ce ta buɗe ƙofar ƙirƙire-ƙirƙire, kuma yawancinsu ba sa bukatar dogon martani. An ce daga ola kala ta Girkanci ce, komai lafiya. An ce daga och aye ta mutanen Sikotland ce. An ce sunan tashar jiragen ruwa ta Aux Cayes ce a Haiti. An ce sojoji ne ke rubuta sifiri da K domin nuna ba a kashe kowa ba a fagen fama, ana danganta hakan da yaƙin basasar Amurka, wanda bai fara ba sai 1861, shekara ashirin da biyu bayan shafin Boston. Babu ɗaya cikinsu da ta zo da takarda mai kwanan wata. Da'awar Choctaw ta fi su ƙarfi. Harshen yana da wata kalma, okeh, da ake rufe jimla da ita don tabbatar da magana, kamar a ce haka ne, kuma 'yan mishan irin su Cyrus Byington sun rubuta ta. A 1885 wani malamin Jami'ar Alabama, William Wyman, ya ce Jackson ne ya koyo ta daga Choctaw, waɗanda suka yi yaƙi a ɓangarensa. Shugaba Woodrow Wilson ya gamsu da wannan har yakan rubuta okeh a kan takardun da ya amince da su, manyan ƙamusoshi ma sun daɗe suna kawo wannan bayani. Rauninsa shi ne igiyar da ta haɗa Choctaw da Turanci ita ce Jackson, labarin Jackson kuwa mun ga inda ya samo asali. Ba a sami OK a cikin rubuce-rubucensa ba, kuma ba a nuna hanyar da kalmar ƙabilar da tushenta ke Mississippi za ta tsallake dukan ƙasar ta fara ɓulla a Boston da ɗigo biyu ba.

Da'awar da ta fi shafarmu ita ce ta David Dalby, masanin harsunan Afirka ɗan Ingila, wanda tsakanin 1969 da 1971 ya kawo ra'ayin cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai kalmar Amurka. Ya yi nuni da waaw kay ta harshen Wolof na Senigal da Gambiya, wadda ke nufin e mana, da o ke ta harsunan Mande, wadda ke nufin haka ne. Wannan ba maganar banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita da gatse ba. Turancin Amurka yana da kalmomin Afirka na gaske: okra ta kuɓewa, yam ta doya, goober ta gyaɗa, gumbo ta wata miya mai yauƙi a kudancin ƙasar. Lorenzo Dow Turner, masani baƙar fata, ya nuna a littafinsa na 1949 yadda harshen Gullah na gaɓar Carolina ta Kudu da Georgia yake cike da kalmomi da sunayen Afirka, a lokacin da Turawa da yawa ke cewa bayi ba su tsira da komai na gida ba. Masu goyon bayan Dalby sun kuma kawo wurare biyu da aka rubuta wani abu mai kama da kalmar a bakin bayi kafin 1839, ɗaya a littafin wani matafiyi na 1784, ɗaya a kundin wani mai gandu a Jamaika na 1816.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Frederic Cassidy, haifaffen Jamaika kuma gwani a kan Turancin tsibirin, ya bi waɗannan misalai a 1981 ya nuna cewa abin da ke cikinsu kalmar motsin rai ce ta mamaki, dangin kai! ɗin Hausa, wadda aikinta dabam da na amincewa. Kuma gaɓa biyu gajeru irin o da ke, za a same su da wata ma'ana ta tabbatarwa a harsuna da yawa in dai an nema, domin sautukan da bakin ɗan Adam ke iya yi ƙididdigaggu ne, harsuna kuwa dubbai. Mu Hausawa muna da darasi a gida a kan wannan. An daɗe ana cewa boko daga book ta Turanci ta fito, har malamai suna koyar da haka, saboda sautin ya yi kama kuma ma'anar ta yi kusa. A 2013 Paul Newman, wanda ya yi shekaru yana nazarin Hausa, ya nuna cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko yaudara, kamar yadda take a amaryar boko da biri boko, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni. Ya ƙara da cewa da Hausa ta ari book, da buku za ta ce, kamar yadda cook ta zama kuku. In mun yarda cewa kamannin sauti bai isa ya ƙwace mana boko ya ba Turawa ba, adalci ya hana mu yi amfani da shi mu ƙwace musu OK.

Akwai wata suka da ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta fi cancantar amsa. Za a ce neman takarda a matsayin hujja zalunci ne ga mutanen da aka hana su rubutu. A jihohin kudancin Amurka da dama doka ta haramta koya wa bawa karatu, saboda haka dole maganarsa ta makara wajen shiga takarda, kuma duk gasar da aka ce takarda ce alƙali, ɗan jaridar Boston ne zai ci. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a yanke hukunci da kwanan wata kaɗai. Sai a duba yadda kalmomin Afirka da aka tabbatar suka shiga Turanci. Sun fara bayyana ne a kudu da tsibiran Karibiyan, inda bayi suke da yawa, a maganar abinci da gona da kiɗa, kuma an rubuta su a matsayin kalmomi, kowane marubuci da irin yadda kunnensa ya jiyo masa. OK ta bi akasin wannan hanya ta kowace fuska: arewa ta fara, a bakin masu wasa da alƙalami, a matsayin haruffa, kuma rubuta ta da cikakkun haruffa, okay, daga baya ya zo. Turawan da ke kwaikwayon maganar bayi a littattafai da wasannin dandamali ba su da iyaka a wancan ƙarni, da kalmar tana yawo a gandaye da wannan ma'ana, da wuya a ce duk ta kuɓuce musu. Ranar da wani ya fito da takarda ta kafin 1839 mai ɗauke da OK ta amincewa, dole a sake lale. An fi shekara sittin ana nema tun bayan aikin Read, yanzu ma har da kwamfuta, kuma bayaninsa yana nan a tsaye.

Abin da za a iya ba masu waɗancan da'awoyi shi ne, kamannin da ya ruɗe su ya taimaka wa kalmar wajen yaɗuwa. Bagirke ko Bawolofe da ya ji OK ya ji wani abu da ba baƙo ba a kunnensa. Sautukanta uku, o da k da e, kusan kowane harshe yana da su ko makusantansu, don haka ba mai karya harshe wajen faɗinta. A rubuce ma tana da farin jini, harafi ɗaya zagayayye, ɗaya mai tsini, ana gane su daga nesa ko a wace irin takarda. Ƙarfin Amurka a ƙarni na ashirin, sojojinta a yaƙin duniya na biyu da finafinanta da kayan fasaharta, shi ya yi sauran aikin. Har duniyar wata ta je: tana cikin kalmomin farko da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya furta lokacin da kumbonsu ya sauka ranar 20 ga Yuli 1969.

Sai dai sauƙin furuci kaɗai ba ya riƙe kalma, sai tana da aikin da wata ba ta yi. Aikin OK shi ne amincewa ba tare da yabo ba. Duk da cewa daga komai daidai ta fito, yau in Bature ya ce abinci OK ne, abin da yake nufi shi ne ba yabo ba fallasa, an ci an ƙoshi, ba kuma za a ba da labarinsa ba. Matar da ta yini a kicin aka ce mata girkinta OK ne tana da dalilin ɓata rai. In kuwa mutum ya faɗi aka tambaye shi ko yana OK, ana tambayar ko ya ji ciwo ne, amsar kuma tana nufin da sauƙi. Wannan matsakaicin matsayi shi ne sirrinta, domin yawancin al'amuran yau da kullum ba sa bukatar a ce madalla, bukatarsu a ce ya wadatar, a wuce gaba. A nahawu kuma ba ta da zaɓe. Tana zama sifa, tana zama suna in an ce shugaba ya ba da OK ɗinsa, tana zama aikatau in an ce ya yi OK ɗin takarda, tana buɗe zance, tana rufe shi, tana zama tambaya in an ɗaga murya a ƙarshenta. Murya ce ke ɗauke da rabin ma'anar: in an ja ta, shakka ce, in an datse ta, fushi ne, kuma wanda ya rubuto dogon saƙo aka mayar masa da K tilo ya san an yi masa rowar baki.

Kwamfuta ta same ta a shirye. Injiniya Andy Hertzfeld ya ba da labarin cewa lokacin da kamfanin Apple ke gwajin kwamfutarsa Lisa, wadda ta fito a 1983, maɓallin amincewa yana ɗauke ne da Do It, wato aikata. Wani mai gwajin ya riƙa karanta shi a haɗe a matsayin Dolt, yana jin na'ura na zaginsa, sai aka musanya shi da OK. Ma'anar dolt kuwa ita ce dolo, ga kama a sauti ga kama a ma'ana, kuma ba wanda ya ce ɗaya ta haifi ɗaya. A ƙarƙashin intanet ma tana nan: duk lokacin da shafi ya buɗe lafiya, kwamfutar da ke ajiye da shi takan aiko da amsa mai lamba 200 tare da kalmar OK, aikin da ma'aikacin tangarahu ke yi da hannu a da.

A Hausa ta tarar da gida da mai shi, domin to ta riga ta kama kusan duk wannan fili. To tana amsa kira, tana karɓar umarni, tana buɗe zance, in an ja ta tana nuna mamaki ko shakka, ga kuma to fa da to madalla da to shi ke nan. Shi ya sa oke ba ta kori to ba, sau da yawa ma jerawa ake yi, a ce to, oke. Inda suka rabu shi ne wajen girma. Oke tana yawo tsakanin tsara, a waya, a kasuwa, a ofis tsakanin abokan aiki. Yaron da mahaifinsa ya aike shi ya amsa da oke, kunnen Bahaushe zai ji wani abu ya goce, ko da ba a iya faɗin mene ne ba. Ina ganin dalilin yana cikin tarihin kalmar. OK amsa ce ta wanda ya duba abu ya ga ya yi, irin ta mai sa hannu a takarda, don haka tana ɗora mai faɗinta a matsayin mai tantancewa. To, Baba kuwa karɓa ce kawai, babu tantancewa a ciki. Turawan ma ba su sake mata gaba ɗaya ba: ana koya wa ɗalibai su guje ta a rubutun ilimi, kuma ba kasafai ake ganinta a takardar yarjejeniya ko wasiƙar ta'aziyya ba.